Yaya ƙungiyoyin mata na wasan Ultimate suka ginu a jami'o'in Amurka?

Hauwa'u:
Assalamu alaikum. Kwanan nan na kalli wasan ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka a wasan jifan faifai da ake kira Ultimate, ɓangaren mata, kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda 'yan wasan ke yanke wa kansu hukunci a filin wasa ba tare da alƙalin wasa ba. Ina roƙon masana su bayyana mini yadda ƙungiyoyin matan suka faro, da kuma yadda ƙungiya take ɗorewa alhali duk bayan shekara huɗu 'yan wasanta sun kammala karatu sun watse.

Malam Sani:
Wa alaikumus salam, Malama Hauwa'u. Ɗaliban makarantar sakandare ta Columbia da ke Maplewood a jihar New Jersey ne suka ƙirƙiro wasan a 1968, sannan suka shiga da shi jami'o'i, har aka buga wasan farko tsakanin Rutgers da Princeton a 1972. An fara gasar ƙasa ta jami'o'i a 1984, amma mata ba su samu nasu rukunin ba sai a 1987, inda Jami'ar Kansas ta ɗauki kofin farko. Mutum bakwai ne a kowane ɓangare, wanda ya cafe faifai ba ya gudu da shi, kuma dole ya jefa kafin mai tsaronsa ya ƙirga goma. Yanke wa kai hukunci da kika gani yana cikin tushen dokar wasan, sai dai a manyan gasanni ana ajiye masu sa ido da ke raba gardama idan 'yan wasa biyu sun kasa daidaitawa.

Malama Bilkisu:
'Yar'uwa, tambayarki ta biyu ita ce mai nauyi, domin wannan wasa ba ya ƙarƙashin NCAA, hukumar da ke kula da manyan wasannin jami'o'i, saboda haka ƙungiyoyin na ɗalibai ne, su suke zaɓen kyaftin, su tara kuɗin mota da masauki, su nemi filin atisaye, wanda sau da yawa sai an gama raba wa masu ƙwallo sannan a ba su abin da ya rage. Hukumar USA Ultimate ce ke shirya gasar, daga matakin yanki zuwa na shiyya, har a tace ƙungiyoyi 20 da za su je gasar ƙasa.

Ƙungiyar Superfly ta Jami'ar Stanford ita ce misalin da na fi so. Ta ci kofi sau uku a jere daga 1997 zuwa 1999, ta sake yin haka daga 2005 zuwa 2007, sannan ta ƙara ɗauka a 2016. Tun da shekara biyar kawai doka ta ba ɗaliba ta buga, babu wadda ta halarci duka waɗannan nasarori a matsayin 'yar wasa, don haka ba za a jingina su ga gwanintar mutum ɗaya ba. A ganina, abin da ke riƙe irin wannan ƙungiya shi ne tsofaffin 'yan wasa da ke dawowa su horar da na baya, da kuma ƙungiya ta biyu da ake kafawa domin sababbin shiga, inda yarinyar da ba ta taɓa riƙe faifai ba za ta yi shekara guda tana kuskure ba tare da an kore ta ba.

Malam Sani:
Na yarda da Malama Bilkisu, amma zan ƙara da cewa zamani ya ɗan sauya. Ƙungiyar Pleiades ta Jami'ar North Carolina ta ci kofi sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, kuma yankin da jami'ar take ya yi suna wajen koya wa yara wasan tun suna sakandare, kamar yadda birnin Seattle ya yi. Ke nan ɗalibai da dama yanzu suna isowa jami'a da gwanintarsu.

Malama Bilkisu:
Gaskiya ne, Malam, sai dai wannan yana da nasa cikas, domin jami'ar da ba ta da irin waɗannan makarantu a kusa da ita tana shan wahalar kamo na gaba. Raba gasar da aka yi a 2010, aka ware wa ƙananan kwalejoji rukuninsu, ya rage wannan giɓi, tun da yanzu ƙaramar makaranta tana da kofin da za ta iya sa rai a kansa.

Hauwa'u:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura in ji yadda soke gasar 2020 saboda annobar korona ya shafi ɗaukar sababbin 'yan wasa, idan akwai wanda ya bibiyi lamarin.