Tambaya a kan Alhaji Aƙilu Aliyu da koyar da waƙoƙinsa

Malami daga Bagalam:
Assalamu alaikum. Ina koyar da Hausa a wata makaranta a nan Maraɗi, kuma kwanan baya wani aboki ya kawo mini littafin Fasaha Aƙiliya daga Kano, tsohon bugu wanda bangonsa ya riga ya ɓalle. Ina son in karanta wa ɗalibaina wani abu daga ciki, amma ina so in fara sanin tarihin mai shi. Shin malami ne da ya rikiɗe ya zama mawaƙi, ko kuwa waƙar ce sana'arsa tun fil azal?

Dattijo daga Tibiri:
Wa alaikumus salam, Malam. Asalinsa mutumin Jega ne, ta jihar Kebbi a yau, ya yi karatun allo da na ilimi, sannan ya zauna shekaru masu yawa a Maiduguri yana karantarwa kafin ya koma Kano, inda ya yi aiki da Jami'ar Bayero. Littafin da ke hannunka kamfanin ɗab'in littattafai na NNPC da ke Zariya ne ya buga shi a 1977, shi kuwa Allah ya yi masa rasuwa a 1999. A ganina malantar ba ta taɓa barinsa ba, domin ko da yana zambo, za ka ji kamar mai riƙe da bulala ne a gaban almajirai.

Malama daga Sabon Gari:
Baba ya faɗi gaskiya. Shawarata, Malam, ka fara da "Hausa Mai Ban Haushi", wadda ya yi a kan masu cakuɗa Hausa da Ingilishi don a ce sun waye. Mu a nan Faransanci ne ya yi mana wannan katutu. Da na karanta ta a ajina, yaran suka yi ta dariya suna nuna juna, har wata yarinya ta ce ai da babanta ake, wanda ba ya iya gama zance sai ya jefa "donk" sau uku. Sai dai kada ka rubuta ta a allo kawai ka wuce. Ka rera musu, domin amsa-amon ba ya fitowa sai a baki.

Malami daga Bagalam:
Na gode ƙwarai, Baba da Malama. Muryata dai ba ta rerawa ba ce, amma zan gwada ranar Litinin da ɗaliban ajin ƙarshe.