Ƙarancin MBL a jinin yara: shawarwarin da aka tattara

Iyaye da yawa sun tayar da hankali da aka ce 'ya'yansu suna da ƙarancin MBL, furotin ɗin da hanta ke haɗawa, mai manne wa ƙwayoyin cuta don garkuwar jiki ta gane su. Da aka tattauna batun, bakin masu ba su shawara ya zo ɗaya: ƙarancin ya yawaita, kuma akasarin masu shi lafiyarsu ƙalau. An fi ganin illarsa daga wata 6 zuwa wajen shekara 2, lokacin da kariyar da jariri ya samu daga uwa take janyewa, tasa kuma ba ta gama ƙwari ba.

Babu maganin cike gurbinsa da ake bayarwa a asibiti. Don haka a kammala allurar rigakafi, musamman ta ciwon huhu, a ci gaba da shayarwa, a nisanta yaro da hayaƙin taba.

Shawarar da na fi ɗauka da muhimmanci: kada a jingina komai ga MBL. Mura 6 zuwa 8 a shekara ba baƙon abu ba ce ga ƙaramin yaro. Amma in ciwon huhu ya maimaitu, ko yaro ya daina ƙara nauyi, a nemi likita ya auna sauran sinadaran garkuwa, ya kuma duba asma.