Wane gem na mashaya jini zan fara da shi?

Nura: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Ina son gem na mashaya jini, irin mai duhun nan: tsoffin gine-gine masu tsini, hazo, maƙabarta, kana faɗa kana ƙara ƙarfi. Sharaɗina ɗaya ne. Ni nake so in zama mashayin jinin, kuma in ji nauyin abin, ba a liƙa mini dogayen haƙora a ce in je in yi ta sara ba. Ina da PS5 da kwamfuta matsakaiciya.

Bash: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka wahalar da kanka, ɗauki Bloodborne. FromSoftware ne suka fitar da shi a 2015 a kan PS4, kuma yana tashi a PS5. Birnin Yharnam shi ne duhun da kake nema. Faɗansa kuwa ba ya barin ka ɓuya a bayan garkuwa: in an sare ka, kana da ɗan lokaci kaɗan ka rama, in ka rama jinin da ka rasa ya dawo. Wannan kaɗai yana koya maka shiga gaba maimakon ja da baya.

Ummi: Yaya Bash, ban ƙi Bloodborne ba, amma ka sake karanta sharaɗinsa. A can mafarauci ne kai. Mashaya jinin suna fadar Cainhurst, wadda ma ba dole ba ce, sai ka samo takardar gayyata keken doki ya zo ya ɗauke ka. Mutum zai iya gama gem ɗin bai taka wurin ba.

Bash: Haka ne. Amma dusar ƙanƙarar Cainhurst da faɗan Logarius, babban abokin gaban wurin, a kan rufi, wanda bai gani ba an bar shi a baya.

Ummi: Na yarda. Nura, abin da ka kwatanta Vampyr ne, na kamfanin Dontnod na Faransa, 2018. Bari in yi maka bayani da kyau don shi ne nake jin ya amsa tambayarka.

Landan ce a 1918, annobar mura tana ta ɗibar mutane. Kai ne Dakta Jonathan Reid, likitan da ya ƙware a ƙarin jini, ya dawo daga yaƙi ya farka ya tarar ya zama mashayin jini. Yana aikin dare a asibitin Pembroke. Unguwanni huɗu ne, mutanen cikinsu sun haura sittin, kowa da sunansa da danginsa da abin da yake ɓoyewa. To ga inda gizo ke saƙar: kashe 'yan farauta da dodanni a titi ba ya ba ka ƙarfi sosai. Ƙarfin gaske yana cikin jinin waɗannan mutanen. Kuma darajar jinin mutum tana ƙaruwa ne in ka warkar da cutarsa, ka zauna da shi, ka gano sirrinsa. Wato sai ka san shi sarai, ka haɗa masa magani da hannunka, sannan ne shan jininsa zai fi amfanar ka.

Ba ka ƙara matsayi sai ka kwanta barci, kuma da ka farka za ka ga abin da ka jawo. Wanda ka kashe, na kusa da shi suna canzawa. Lafiyar unguwa tana sauka, in ta faɗi ƙasa warwas mutanen su ɓace, dodanni su cika titi, ayyukan da ke wurin su tafi. Gem ɗin da kansa yake adanawa, babu komawa baya ka gyara. Ana iya gama shi ba tare da ka sha jinin ɗan unguwa ko ɗaya ba, sai dai za ka yi ta karo da abokan gaba da suka fi ka matsayi nesa ba kusa ba. Ni a nan na ji nauyin da kake magana, don duk sanda wani oga, wato babban abokin gaba, ya gagare ni sai in tuna akwai wani mara lafiya a asibiti da jininsa zai wadatar da ni.

Sadiq: Anti Ummi ta faɗi gaskiya kan labari, amma a gaya masa ɗaya ɓangaren. Faɗan Vampyr yana da nauyin jiki, abokan gaba kala kaɗan ne suna ta maimaituwa, kuma babu tsallakawa daga unguwa zuwa unguwa, da ƙafa za ka yi ta zagaya lunguna kana tarar da ƙofofi a kulle. In faɗa ne a gabanka, V Rising ya fi shi.

Nura: Yaya Sadiq, na ga hotunansa, daga sama ake kallo ko? Shi ya sa na yi tunanin ba zai shige ni ba.

Sadiq: Daga sama ne, amma kada hakan ya hana ka. Stunlock Studios na Suwidin ne suka yi shi, ya fara fita a 2022 yana kan gini, cikakkensa ya zo a 2024 har da na PS5. Kana farkawa daga akwatin gawa ba ka da komai, ka sari itace, ka fasa dutse, ka gina fadarka da kanka.

Abin da ya sa na kawo shi: rana. A wannan gem ɗin rana abokiyar gaba ce ta gaske. Inuwa tana juyawa yadda yini ke tafiya, in ka tsaya a fili na ɗan lokaci sai ka kama da wuta. Za ka ga kana tsakiyar faɗa gari ya waye, kana kaucewa sara kana neman gindin bishiya a lokaci guda. Azurfa in ka ɗauke ta tana ƙona ka. Tafarnuwar gonakin Dunley tana raunana ka. Jini kuma iri-iri ne: na mayaƙi daban, na malami daban, na ma'aikaci daban, kowanne da ingancinsa har zuwa kashi 100. In ka dace da mai kashi 100 ba ka kashe shi, kama shi kake yi ka kulle a kurkukun fadarka kana ɗiba. Kowane oga ka kayar ka sha jininsa, yana buɗe maka sabon sihiri ko sabon abin ƙira. Kerkecin farko ma shi ke ba ka ikon rikiɗa. A ƙarshe Dracula ne ke jiran ka.

Ummi: Amma mutanen V Rising ba ka san su ba, Sadiq. Kashi nawa ne jininsa, shi ke nan abin da kake dubawa.

Sadiq: Ban musa ba. Can nauyin a zuciya yake, nan kuma a jiki. Shawara ɗaya in zai shiga: ya fara shi kaɗai ko da abokai, kada ya faɗa sabar intanet ɗin da 'yan wasa ke kai wa juna hari. Zai kwana ya tashi ya tarar an yashe masa fada. Kuma zuciyar fadar, wato abin da ke riƙe da ginin, tana cin jini, in ta ƙare ginin ya fara lalacewa.

Kawu Sale: Yara, kun manta da na gaba da ku. Vampire: The Masquerade – Bloodlines, Troika Games, 2004. Los Angeles ce da dare, ba tsohon birni ba, amma duhun yana nan. Ƙabila bakwai za ka zaɓa daga ciki, kuma zaɓin yana sauya gem ɗin. Ɗan Nosferatu muninsa ya kai in mutane suka gan shi a titi asiri ya tonu, don haka ta magudanar ruwa yake yawo. Ɗan Malkavian taɓin hankali gare shi, duk maganganunsa an sake rubuta su daban. Kada ka fara da ɗayan biyun nan, ajiye su sai zagaye na biyu. Gem ɗin ya fito da kurakurai da yawa kuma kamfanin ya rufe a 2005, don haka sai ka ɗora gyaran da masoyansa suka yi kafin ka fara. Kowace kwamfuta ta yanzu za ta ɗauke shi. Faɗansa ya tsufa, wannan ba na ɓoye maka.

Bash: Kawu, Ocean House fa?

Kawu Sale: Bar shi ya shiga otal ɗin da kansa, kada mu ɓata masa. In kuma fada mai tsini yake so da kiɗa mai ratsa jiki, Castlevania: Symphony of the Night na Konami, 1997. Alucard ne kai, ɗan Dracula. In ka yi abin da ya dace kafin faɗan Richter, ogan da ke riƙe da fadar, sai wata fadar ta bayyana a kife, ƙasa ta koma sama, ka sake wani rabin gem. Akwai shi a waya tun 2020.

Hafsat: Ni dai in saka Code Vein na Bandai Namco, 2019. Zanen irin na katun ɗin Japan ne, faɗan kuma salon Bloodborne amma da sauƙi, don kullum akwai abokin tafiya da zai tashe ka in ka faɗi. Sai dai duniyarsa kufai ce bayan bala'i, ba irin duhun da Nura ya ce ba. Kuma don Allah duk waɗannan ba na kunnawa gaban ƙananan yara ba ne, jinin ya yi yawa.

Nura: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Vampyr zan fara, V Rising ya biyo baya in na sami abokin gini. Anti Ummi, wane mataki zan zaɓa? Na ga akwai mai sauƙi.

Ummi: Kada ka ɗauki mai sauƙin. In faɗa ya yi sauƙi babu abin da zai tura ka ga jinin mutane, kuma shi ne gem ɗin gaba ɗaya. Ɗauki na tsakiya. Kafin kowane barci ka zagaya ka raba magani, musamman na gajiya da na mura, don cutar da aka bari tana tsananta. Manyan mutanen da unguwa ta dogara da su, irin Nas Dorothy Crane ta Whitechapel, kada ka yanke hukunci a kansu da gaggawa, ka karanta zaɓin da kyau. In jini ya yanke maka a titi akwai ɓeraye.

Sadiq: In ka zo V Rising ka yi mini magana, sabarmu babu kai hari. Ka fara da gina murhun hazo, ƙashi yake ci, shi zai kare ka daga rana kafin ka yi rufi.