Sakin Naira ga kasuwa: gyara ne ko ɓarna?

Daga zauren WhatsApp na 'yan kasuwa da manoman Gombe

Alhaji Sani: Jama'a, ni ina nan kan bakana, gwamnati ba ta da hurumin yanka wa dala farashi. Kafin Yunin 2023 Babban Banki na bayar da ita wajen Naira 460, a bayan fage kuwa ta haura 700. Wa ke samun ta 460 ɗin? Masu uwa a gindin murhu, su karɓa su juya su sayar mana. Sakin Naira da aka yi a watan, aka bar kasuwa ta yanka farashi, ya toshe wannan kafa.

Malama Hauwa: Allah ya ƙara girma Alhaji, amma a kan wa nauyin ya faɗa? Farkon 2024 dala ta wuce Naira 1,500. Taki, maganin feshi, kuɗin dakon hatsi daga Kumo zuwa Tudun Hatsi, duk suka bi ta. Ga tallafin mai da aka cire ranar 29 ga Mayun 2023, mako biyu kacal kafin sakin Naira. Mu masu albashi wata guda ya koma mana kwana goma.

Alhaji Sani: An sha wuya Malama, ban musa ba. Amma tushen tsadar ya girmi sakin. Zamanin Emefiele, tsohon gwamnan Babban Banki, bashin da gwamnatin tarayya ta ci a Babban Banki ya kai Naira tiriliyan 22.7. Kuɗi suka yi yawa a hannu, buhunan masara ba su ƙaru ba. Dole farashi ya hau.

Bala Dadin Kowa: Baba Alhaji, in kasuwa ce alƙali, don me Cardoso, gwamnan Babban Banki da ya gaji Emefiele, ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari a 2024? Ba hannun hukuma ba ne wannan? Ni mai noman shinkafa wane banki zan tunkara?

Alhaji Sani: Bala, kare darajar kuɗi shi ne aikin Babban Banki na asali. Rabon bashin noma irin na shirin Anchor Borrowers na zamanin Emefiele ne ba aikinsa ba, kuma ka san da yawa ba su biya ba.

Malama Hauwa: To ai a 1986 ma haka Babangida ya saki Naira da SAP, shirinsa na gyaran tattalin arziki, aka ce mu yi haƙuri masana'antu za su tashi. Masaƙun Kaduna da Kano suna ina yau? Ƙasar da ba wuta, ba ta ƙera abin da za ta sayar waje, in ka karya kuɗinta shigo da kaya kawai ka tsauwala.

Bala Dadin Kowa: Nan kam ina bayan Malama. Baba, a fara ba mu wutar casar shinkafa da hanyar fito da ita, sannan a ce mu yi gasa da ta Indiya.