Ƙanena ya shiryu, amma ya daina bin Babanmu sallah

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana.

Ƙanena ne, shekarunsa 24. Ba irin wahalar da ba mu sha ba a kansa: kodin, ƙwaya, kwana a kango, har keken ɗinkin Mama ya taɓa ɗauka ya sayar. Sai Allah ya haɗa shi da wasu samari masu ɗaukar karatu a wani masallaci bayan layinmu. Wallahi ya canza. Asuba ba ta wuce shi, ya koma sana'arsa ta gyaran waya, duk Juma'a da cefanensa yake shigowa. Keken ma ya sayo wa Mama wani.

To amma Babanmu ɗan Tijjaniyya ne, shi ke jan sallah a masallacin ƙofar gida, a nan suke wazifa. Yanzu yaron nan ana tayar da iƙama zai raɓa ta gefen sahu ya wuce wancan masallacin, mutanen unguwa suna kallo. Da Maulidi ya ƙi taɓa abincin gidan. Ya sauke hoton Shehu Ibrahim Inyass daga bangon zaure ya kife shi a bayan kabad. Abin da ya fi muni, ya ce wa Mama yana tsoron kada Baba ya mutu a kan shirka, maganar kuma ta koma kunnen Baba. Baba ya ce ya tattara ya bar masa gida kafin azumi.

Tsorona in aka kore shi, ko ya koma shaye-shaye, ko ya faɗa hannun waɗanda suka fi waɗannan zafi. Ta ina zan ɓullo wa abin?

Abu Sumayya: Wa alaikumus salam. Ni ɗan Izala ne, ba na Maulidi, amma ƙaninki ya yi kuskure babba. Ki buɗe masa Suratu Luƙman aya ta 15. Allah yana magana ne a kan iyayen da suke matsa wa ɗa ya yi shirka ƙarara, ya ce kada ka bi su a kan wannan, amma ka zauna da su a duniya da kyautatawa. Nana Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar mahaifiyarta mushirika ce, da ta zo mata Madina Annabi (SAW) cewa ya yi ta sada zumunci da ita. To ina ga uban da ya yi maka huɗuba, yake sallah biyar? Jifan musulmi da kafirci kuwa, hadisi ya ce kalmar sai ta koma kan ɗaya daga cikin biyun. Zafin sabon shiga ne, yawancinmu mun yi shi. Ki je wajen malamin da yake karantar da su, babban, ba abokansa ba, ki faɗa masa komai.

Uwar Biyu: Ni dai ku fara gode wa Allah. Nawa ɗan'uwan har yau yana cikin maye, da zai shiryu ko da ba zai ci tuwon Maulidi ba ai da na yi azumin godiya.

Dattijon Fagge: 'Yata, ki gaishe da mahaifinki, ki ce wani ɗan'uwansa a ɗariƙa ya ce ya tuna baya. Mu da muka tashi a Kano mun ji daga iyayenmu irin rigimar da aka sha a kan ƙabalu da sadalu. Lokacin da almajiran Shehu Ibrahim suka fara ɗora hannu a ƙirji a sallah, su ne yaran da ake cewa sun kawo sabon abu, akwai masallatan da aka rabu a kan wannan kaɗai. Da aka kafa Izala a Jos a 1978 ƙarƙashin Shehu Isma'ila Idris, sai abin ya juyo kanmu: ɗa ya ƙi cin yankan ubansa, aure ya mutu, an ƙi zuwa jana'izar juna. Su kansu 'yan Izalar daga baya sun dare biyu, ɓangaren Jos da na Kaduna. Yau ga shi jikokin waɗancan mutanen suna auren juna, sai dai wanda ya mutu yana gaba da ɗansa ya riga ya tafi da ita. Sauke hoton nan kuwa rashin kunya ce, ba na kare shi. Amma kora ba ta taɓa dawo da yaro ɗariƙa ba, ni ban gani ba.

Ɗan Yerwa: Ni abin da zan ce ki sa ido a kai daban ne. Mu a Maiduguri kafin rikicin 2009 mun ga yadda ake farawa. Yaro ya bar shashanci kowa na murna, sai ya fara da iyayensa, daga nan malamin unguwa, daga nan duk mai aikin gwamnati ya zama kafiri, wasu har takardun makarantarsu suka yayyaga. Kano ma ta ga na Maitatsine a 'Yan Awaki a 1980. Ba na cewa ƙaninki can ya dosa, ƙin Maulidi ra'ayin manyan malamai da yawa ne, kuma malaman Sunna na cikin waɗanda masu tsattsauran ra'ayi suka fi tsana. Amma ki lura: karatun nan a fili ake yi da lasifika ko a ɗaki a ɓoye? Yana zagin malaman ɓangarensa ma cewa sun yi sanyi? Yana maganar barin sana'a? In babu ko ɗaya, hankalinki ya kwanta.

Malamin Firamare: Za ku ce na cika tsokana, amma laifin na masu wa'azin TikTok ne, na kowane ɓangare. Raddi shi ke kawo mabiya, babin biyayya ga iyaye ba ya kawowa. Yaro bai gama Ahalari ba an ɗora masa hukuncin wa zai shiga wuta. Addinin da ya sa limamin nan na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, Malam Abubakar Abdullahi, ya ɓoye ɗaruruwan Kiristoci a masallacinsa da gidansa a 2018, da sunan wannan addinin ne dai wannan yaron yake kasa gaida ubansa.

Mai tambaya: A'a Malam, yana gaishe shi, har ƙasa ma. Baba ne ba ya amsawa yanzu. Ɗan Yerwa, a fili suke karatun, Riyadus Salihin suke yi bayan isha'i, har cikin gidanmu ana jiyowa.

Hajiya Babba: To ai da sauƙi tunda yana durƙusawa. Ki raba abin gida biyu, 'yar nan. Inda zai yi sallah da abin da zai ci ranar Maulidi, ku ƙyale shi, kada ma Mamanku ta ƙara zuba masa ta ce sai ya ci. Amma hoto na mai gida ne, bango na mai gida ne, ya mayar da hannunsa. Sannan ya riƙa fita tun kafin a kira sallah, ba sai an yi sahu ya keta mutane ba, don wannan tozarcin a idon unguwa shi ya fi ƙona wa Babanku rai, na san halin mazan nan. Ke kuma kada ki tunkari Baba da kanki, ba maganar 'ya mace da uba ba ce yana cikin fushi. Akwai wansa ko aminin da yake jin nauyi?

Mai tambaya: Akwai Baffanmu na Gwammaja, shi Baba ba ya musa masa. Sai dai shi ma muƙaddami ne, ina tsoron ya ƙara zuga shi.

Dattijon Fagge: Je ki same shi, amma ki fara da labarin keken ɗinkin kafin ki kawo na hoton. In kin samu malamin yaron ya yarda, su zo tare ranar da ba ta zikirin Juma'a ba.