Wai laifin kakanni ne ke cin jikoki?

Uwar Biyu, Narayi: Salama 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da ni, yau sai na amayar da abin da ke cikina. Kun san autana yana da sikila. Tun da hunturun nan ya kama ba mu san barcin kirki ba. Daren jiya ciwon ya sauka a gwiwoyinsa da gadon bayansa, ina jiƙa tawul a ruwan ɗumi ina ɗora masa, shi kuma yana cije bakin zanena don kada kukansa ya tayar da yayansa. Shekararsa 7. Makon jiya ƙanwar mijina ta ja ni addu'ar dare a wata coci, ba zan kama suna ba. Mai wa'azin ya tsayar da ni gaban jama'a ya tambayi aikin kakan mijina. Na ce shi ke riƙe da ɗakin dodo a ƙauyensu kafin ya tuba. Nan take ya ce ga amsar nan, la'anar gado ce. Ya buɗe Fitowa 20:5, inda aka ce Allah yana ɗora wa 'ya'ya alhakin iyaye har tsara ta uku da ta huɗu, ya ƙirga da yatsunsa ya ce ɗana ne na huɗun. Wai in kawo naira 50,000 a karya la'anar. Tsohon nan fa ya tuba, an yi masa baftisma, shi ya ba da filin da aka gina majami'ar ƙauyen. Don Allah ku gaya mini, Allahn da muke bauta wa zai kama yaro marar zunubi ya riƙa matse masa ƙasusuwa saboda abin da aka yi tun ba a haifi ubansa ba?

'Yar Zumunta, Unguwar Sunday: Ayya Mama, sannu. Ubangiji ya taɓa shi ya ba shi sauƙi. Kada ki ba kowa ko kwabo.

Dattijo, Sabon Tasha: Sannu 'yata, Ubangiji ya ƙarfafa ki. Amma akwai kalma ɗaya a maganarki da ba zan bari ta wuce ba, don matasa suna karantawa. Kin ce yaro marar zunubi. Babu ɗan Adam marar zunubi, ko da jaririn da aka haifa yau da asuba ne. Dawuda da kansa ya ce a Zabura 51:5 cikin zunubi uwarsa ta ɗauki cikinsa. Romawa 5:12 ta ce ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya, mutuwa kuma ta bi kowa. Marar zunubi ɗaya ne, Yesu Almasihu.

Malamin Makaranta, Barnawa: Baba, ran ku ya daɗe, ai kowa ya gane nufinta. Cewa take yaron bai aikata abin da ya jawo masa wannan azaba ba. Kuma tana da gaskiya. Ku duba Ezekiyel sura 18. Mutanen Isra'ila suna da karin magana, wai iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu. Allah ya ce kada a ƙara faɗin wannan karin magana a cikinsu. Aya ta 20 ta fito fili, ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba, uba ba zai ɗauki laifin ɗa ba, wanda ya yi zunubi shi zai mutu. Ayar ma da mai wa'azin ya karanta bai kai ƙarshenta ba. Hukuncin na waɗanda suke ƙin Allah ne, kuma aya ta 6 da ke biye ta yi maganar ƙauna ga dubbai na masu ƙaunarsa.

Dattijo, Sabon Tasha: Malam, ni ba maganar ubansa nake ba, maganar Adamu nake. Ezekiyel bai soke Romawa ba. In ka ce yaro ba shi da zunubi, to ka ce ba ya bukatar Mai Ceto ke nan. A makarantar tauhidi ta Kagoro muka yi karatun nan, ba a bakin titi muka tsince shi ba.

Malamin Makaranta, Barnawa: Ban ce ba ya bukatar Mai Ceto ba, Baba. Gadon hali daban, gadon laifi daban. Mun gaji halin da ke karkata zuwa ga mugunta, wannan ba musu. Amma a ce yaron da bai san dama da hagu ba yana ɗauke da laifi a gaban shari'ar Allah, wannan kam sai an nuna mini. Yesu ya ɗauki yara ya ce Mulkin Allah na irinsu ne, Markus 10:14.

Katikis, Kakuri: Na ji daɗi da Baba Dattijo ya faɗi wannan da bakinsa. To Baba, tunda kun yarda jariri yana da zunubin asali, me ya sa kuke hana shi baftisma har sai ya girma? Ku ce yana da ciwo, sannan ku ajiye maganin sai ya yi wayo? Mu a Katolika muna yi wa jarirai baftisma ne saboda abin nan da kuka faɗa. Wannan muhawara ba yau aka fara ta ba. Waliyyi Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, ya yi ta da Pelajiyus, wanda ya ce zunubin Adamu shi kaɗai ya cuta. Taron bishop-bishop a Kartej a shekarar 418 ya ƙi koyarwar Pelajiyus, ya kuma tabbatar da baftismar jarirai. Kun ɗauki rabin koyarwar Agustin kun zubar da rabi.

Dattijo, Sabon Tasha: Ruwa ba ya wanke zunubi, jinin Yesu ne ke wankewa. Nuna mini aya ɗaya inda aka yi wa jariri baftisma. Ɗaya tak.

Katikis, Kakuri: Ayyukan Manzanni 16:33, mai gadin kurkuku a Filibi, shi da dukan mutanen gidansa. Da Lidiya da iyalinta a surar nan. Gidan da babu yaro ko ɗaya a wancan zamanin?

Dattijo, Sabon Tasha: Zato kake yi. An ce sun ji Maganar, sun ba da gaskiya. Jariri yana jin wa'azi? Mu a ECWA muna miƙa yaro ga Ubangiji, in ya girma ya tuba da bakinsa sai a nitsar da shi a ruwa. Haka Baptis ma suke yi.

'Yar Zumunta, Unguwar Sunday: To Katikis, jaririn da ya mutu ba a yi masa ba fa? Ni na binne 'yar kwana 9. Wuta za ka ce ta tafi?

Katikis, Kakuri: Allah ya kiyaye, Mama. Koyarwarmu ita ce muna danƙa su ga jinƙan Allah, muna kuma sa zuciya ga cetonsu. Haka yake a rubuce cikin katikizim, littafin koyarwar Katolika.

Ɗan Gonin Gora: Ni dai ina kallon ku ne kuna ta ilimi, yaro yana shan wahala. Ruwa ba ya tsami banza. Karin Magana 26:2 ta ce la'anar da ba dalili ba ta sauka. Makoki 5:7 ta ce kakanninmu sun yi zunubi sun shuɗe, mu ne muke ɗauke da laifinsu. Tsohon ya tuba, na yarda, amma wa ya warware alkawarin da ya yi da dodo? Jinin awakin da aka zuba fa? Cocinku na gargajiya ba su san addu'ar kuɓutarwa ba, shi ya sa mutanenku suke zuwa wurinmu da dare a ɓoye. Kuma ku yi hankali da bakinku a kan bawan Allah, an ce kada ku taɓa shafaffuna.

Malamin Makaranta, Barnawa: Ɗan'uwa, kakan wa a cikinmu ne bai shiga ɗakin dodo ba? 'Yan mishan na SIM sun iso ƙasar nan a 1893, kafin bishara ta ratsa ƙauyukan Kudancin Kaduna an ɗauki shekaru masu yawa. Da maganarka gaskiya ce, da duk gidajenmu daga Kwoi har Zonkwa sikila ne. Galatiyawa 3:13 ta ce Almasihu ya fanshe mu daga la'ana da ya zama la'ananne dominmu. Abin da aka biya a kan gicciye shi ne za a sake saye da naira 50,000?

Ɗan Gonin Gora: Su wa kake nufi da masu sayarwa? Ku da kuke yanka wa kowane gida kuɗin gini da kuɗin godiyar kaka, har a karanta sunan wanda bai biya ba ranar Lahadi?

Nas, Unguwar Television: Don Allah ku ba ni dama, aikina ne wannan. Sikila a jini ake gadonta, kuma daga iyaye biyu, uwa da uba. In uba AS ne uwa ma AS, wato suna ɗauke da ita a jini amma ba sa ciwon, kowane ciki yana da rabo 1 cikin 4 na zuwa SS, wato mai sikila. Shi ya sa za ka ga babban yaron lafiya lau, ƙaramin yana fama. Kusan mutum 1 cikin 4 a Nijeriya yana ɗauke da AS, kuma ba ƙasar da ta kai mu yawan masu ciwon. Ina ganinsu a gadon asibiti, 'ya'yan fastoci, 'ya'yan limamai, ana samunta har Indiya da ƙasashen Larabawa inda ba su taɓa jin sunan dodo ba. Mama, ki riƙa rufe shi sosai da sanyin asuba, ya sha ruwa da yawa, ya kwana cikin gidan sauro, kada maganin ƙarin jininsa na kullum ya yanke. In zazzaɓi ya zo, ko numfashi ya yi masa wuya, ko kika ga tafin hannunsa ya yi fari, a tafi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye. Kuɗin nan ki ajiye don ranar da za a ce a ƙara masa jini.

Ɗan Gonin Gora: To ai kin faɗa da bakinki, gado ne. Wa ya sa shi a jinin tun farko?

Matashi, Unguwar Romi: Ni tambayata, me ya hana su yin gwajin jini kafin aure? Yanzu coci da yawa ba sa ɗaura aure sai an kawo takarda. In akwai zunubi a nan, to sakaci ne.

'Yar Zumunta, Unguwar Sunday: Kai yaro, ka ji tsoron Allah. Mace ta kwana a zaune da ɗa a cinya, abin da za ka gaya mata ke nan? Sa'ar uwarka ce fa. Ka goge maganar nan.

Matashi, Unguwar Romi: Gaskiya na faɗa, Mama. Ni na rabu da wadda nake so saboda gwajin nan, ba wanda ya ce mini sannu.

Uwar Biyu, Narayi: A ƙauye aka ɗaura mana aure, ba wanda ya ce mu yi gwaji. Ni ba baftisma na tambaya ba. Yaron ya ji abin da aka faɗa a cocin nan, yana tambayata ko Allah yana fushi da shi. Me zan ce masa?

Malamin Makaranta, Barnawa: Mama, ki karanta masa Yohanna sura 9. Almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka tambaya, wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa? Yesu ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba.

Dattijo, Sabon Tasha: Amma bai ce mutumin marar zunubi ne ba. A lura da wannan. Na maimaita, marar zunubi ɗaya ne.

Katikis, Kakuri: Da Uwargida Maryamu, Baba. Allah ya kiyaye ta daga zunubin asali tun ɗaukar cikinta, albarkacin Ɗanta. Mala'ika ya kira ta cikakkiya da alheri.

Dattijo, Sabon Tasha: Ga ta nan, dama na san nan za mu zo. A 1854 Paparoma Pius na 9 ya shelanta wannan. Bulus bai san da ita ba. Maryamu da kanta ta kira Allah Mai Cetonta a Luka 1:47. Marar zunubi yana neman mai ceto?

Katikis, Kakuri: Shelantawa daban, ƙirƙirawa daban. Ikilisiya ta daɗe da wannan bangaskiya kafin 1854. Ku da aka kafa cocinku a 1954 za ku koya mana abin da manzanni suka sani?

'Yar Zumunta, Unguwar Sunday: Katikis, wannan kuma cin fuska ne. Lokacin da aka ƙone gidaje a garin nan ba wanda ya tambayi ɗarikar wani kafin ya buɗe masa ƙofa.

Ɗan Gonin Gora: Ku ci gaba. Ranar Juma'a muna da azumi da addu'ar dare, mai so ya same ni a gefe.

Mai kula da zaure: Ya isa haka. Bari in tattara abin da aka cimma don waɗanda za su shigo daga baya. An tabbatar daga Nassi cewa kowane ɗan Adam cikin zunubi aka haife shi, kamar yadda Baba Dattijo ya nuna da ayoyi, kuma ba wanda ya iya karyata shi. An nemi aya ɗaya ta baftismar jarirai ba a samu ba, sai zato. Maganar Maryamu an ga shekarar da aka fara ta, ba sai na ƙara ba. Ɗan'uwanmu na Gonin Gora ya sani ba a tallar taron wata coci a nan. Mun gode wa Nas da shawara. 'Yar'uwarmu ta Narayi ta sami amsarta, sai ta gyara kalmar da ta yi kuskure a kai, mu kuma mu riƙa tunawa da ita a addu'a. Wanda ya taɓa sunan ECWA ya nemi gafarar Baba kafin gobe.

Katikis, Kakuri: Ba a cimma wannan ba, kai ka cimma shi. Na kawo Ayyukan Manzanni 16, na kawo taron 418, ka share su kamar ban yi magana ba. Kowa ya san cocin da kake zuwa. Zan gai da Baba a matsayin babba, amma ba zan janye ba.

Malamin Makaranta, Barnawa: Ina Ezekiyel 18 a cikin bayaninka? Ina Yohanna 9?

Mai kula da zaure: Na rufe wannan magana. Wanda ya ƙara zan cire shi na mako ɗaya.

Matashi, Unguwar Romi: A cire ni ma. Amma Maman Zumunta ta fara janye kalmar yaro da ta kira ni, shekarata 31.