Kondansatar ampuli ta kumbura: 50V zan mayar ko 63V?

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum masu gyara. Ampulin masallacin unguwarmu, wato na'urar ƙara sauti, shi ne ke gurnani a lasifika ko ba a taɓa makirfo ba. Manyan kondansata biyu, gwangwanayen nan masu riƙe caji na bayan taransufo, sun kumbura, 10000µF 50V, 85°C. Taransufon 30-0-30 ne, wato 30V a kowane gefe da waya ta tsakiya. A babbar kasuwa akwai 10000µF 35V mai araha, da 10000µF 63V, da 15000µF 50V. Wacce zan saya?

Mai Gyara Ali Ɗan Sofo: Wa alaikumus salam ƙanena. Ta 35V kam kada ka ko kalle ta, fashewa za ta yi. Ga lissafin: 30V ɗin taransufo na AC ne, bayan diyod, masu mayar da AC zuwa DC, sai ka ninka da 1.41, kusan 42V ke nan a kan kowace kondansata. Wannan kuma in kuran na 220V ne daidai. In ya hau 240V, ko aka jona gurup (janareta) da wutarsa ba ta zama wuri ɗaya, za ka ga 46V. Ka ga 50V ba ta da wurin numfashi, kuma tabbas wannan na cikin abin da ya cinye na farkon. A ka'ida kada wutar da ke kanta ta wuce kashi 80 cikin 100 na abin da aka rubuta a jikinta. Sayi 63V. Lambar V iyakar abin da take iya ɗauka ce, ba za ta ƙara wa ampuli wuta ko sauti ba, don haka hawa sama ba ya ɓarna.

Ta 15000µF ba ta magance maka komai. Tana nan a 50V, kuma lokacin kunnawa tana jan wuta da ƙarfi, diyod da fis ne ke shan wahala.

Mokoyo Lantarki: Maigida ya faɗi gaskiya, sai dai a duba zafi ma. A watan Afrilu da Mayu nan Maraɗi ana wuce digiri 40, balle cikin akwatin ƙarfe kusa da taranzisto. Nemi mai 105°C. Duk digiri 10 na rata tsakanin zafin da take aiki a ciki da wanda aka rubuta a jikinta yana kusan ninka kwananta. Ka tafi da tsohuwar a aljihu ka gwada faɗi da tazarar ƙafafu, don ta 63V takan fi kauri. Ka kuma auna sabuwar a tafin hannu, in gwangwanin babba ne amma ba nauyi, mai yiwuwa jabu ce.

Mai Gyara Ali Ɗan Sofo: Kafin ka sa hannu, zare filogi, ka sauke cajin kowacce da rezistans 1kΩ 5W na minti ɗaya, ka tabbatar da mita. Ban da haɗa ƙafafu da sukudireba. Canza biyun tare. Inda ake yawan kuskure: ɗaya tana kan layin +42V, ɗayar kan −42V; ta layin −42V, ƙafarta ta + ce ke zuwa ƙasa, wato tsakiyar taransufo. Yi alama kafin ka cire. Kunnawar farko kuma ka cire lasifika, ka jera ƙwan fitila 60W mai zare a kan layin shigar wuta. Ya haska ya dushe, lafiya lau. In ya tsaya da haske, kashe nan take ka duba diyod.

Ɗan Bagalam: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. 63V mai 105°C zan nemo gobe in sha Allahu.